Inda Aka Kai Fursuna Da Halin Wanda Aka Cuta

A ran 8 ga watan Maris, 2022, 'yan bindiga suka far wa garin Kanya da ke ƙasar Zuru, daidai lokacin da mataimakin gwamnan Jihar Kebbi na wancan lokaci, Samaila Yombe Dabai, yake rangadi a yankin, suka kashe sojoji da dama. Idan aka kama mai hannu cikin irin wannan ta'asa, a kan ɗauka magana ta ƙare. Alhali kuwa akwai sauran tambaya guda: a wane gidan waƙafi za a ajiye shi?

Idan aka tsare shi a kurkukun Zuru, yana kusa da kotu da shaidu, amma kuma yana kusa da abokan ɓarnarsa. Manomin da ya nuna shi a gaban alƙali sai ya riƙa kwana da ido ɗaya. Tsoron nan kuwa yana da dalili, gama a ran 5 ga watan Yuli, 2022, an fasa kurkukun Kuje da ke Abuja, fursunoni fiye da 800 suka tsere.

In kuwa aka kai shi nesa, Birnin Kebbi ko wata jiha, kawo shi kotu sai da mota da mai da gandirobobi, sai a yi ta ɗaga shari'a har shaidu su gaji. Kimanin kashi biyu cikin uku na tsararrun Nijeriya jiran shari'a suke yi, kuma bayan kowace ƙara akwai mai ƙara da shi ma yake jira.

Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba shugabannin kurkuku ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan wuri ya cika, ta kuma yi tanadin sulhu tsakanin mai laifi da wanda ya cuta. Amma wajen sauya wa fursuna mazauni, cunkoso da tsaro a kan duba, ba a saba tuntuɓar wanda aka cuta ba. Sau da yawa a kasuwa zai ji labari.

A Ingila, wanda aka yi wa mugun laifi, aka ɗaure mai laifin wata 12 ko fiye, a kan sanar da shi kafin a sako fursunan, har yana iya roƙon a hana shi shiga unguwarsu.

Tun 2023 tsarin mulki ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu. Ya kamata Kebbi ta soma da abin da ba ya cin kuɗi: a rubuta sunan mai ƙara cikin fayil ɗin fursuna, a aika masa saƙo a asirce ta hannun hakimi ko dagaci kafin a sauya wa fursunan wuri ko a sake shi. Shaidan da ya san hukuma na tune da shi, shi ne zai yarda ya sake tsayawa gaban alƙali.