Ɗaukewar al'ada da wuri: Abin yi idan maganin furojestaron bai karɓi mace ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa galibin mata kan daina ganin jinin al'ada ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Sai dai akwai waɗanda abin ke riska tun kafin lokacin. Idan al'ada ta ɗauke tsakanin shekara 40 da 45, likitoci na kiran hakan ɗaukewar al'ada da wuri. Idan kuwa kafin shekara 40 ne, ana cewa ma'ajiyar ƙwan mace ta gaza kafin lokacinta, lamarin da ke shafar aƙalla mace 1 cikin 100.

Daga cikin musabbaban da aka sani akwai tiyatar cire ma'ajiyar ƙwai, da maganin sankara, da gado, da yanayin da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin da kanta. Kafin likita ya yanke hukunci, yakan fara tabbatar da cewa ba juna biyu ba ne, ba shayarwa ba ce, ba kuma allurar tazarar haihuwa ce ta tsayar da jinin ba. Haka nan yakan tambayi ko matar ta taɓa zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, domin hakan na iya lalata wani ƙullin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ya tsayar da al'ada. Bayan nan ne ake gwajin jini na sinadarin FSH.

Dalilin haɗa magani biyu

Macen da al'adarta ta ɗauke da wuri tana rasa sinadarin istrojin shekaru da dama kafin sa'o'inta. Baya ga zafin jiki mai tasowa kwatsam, da gumin dare, da rashin barci, da bushewar gaba, rashin wannan sinadari na raunana ƙashi, yana kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya. Saboda haka ne hukumar NICE ta Birtaniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2015, ta ba da shawarar a mayar wa irin waɗannan mata sinadarin har su kai shekarun da al'ada kan ɗauke bisa ɗabi'a, wato wajen shekara 51, matuƙar babu wata lalura da ta hana.

Amma istrojin shi kaɗai yana kauraro shimfiɗar cikin mahaifa. Binciken da aka wallafa a Amurka a 1975 ya nuna cewa matan da ke shan sa ba tare da kariya ba sun fi kamuwa da sankarar mahaifa. Tun daga nan aka ɗauki ƙa'idar cewa duk macen da mahaifarta ke nan sai an haɗa mata da furojestaron ko danginsa, wanda ke hana shimfiɗar yin kauri. Macen da aka cire wa mahaifa kuwa, galibi ba ta buƙatarsa.

Alamomin rashin karɓa

Wannan magani na biyu shi ne wasu mata ke kasa jurewa. Sukan fuskanci ƙuncin rai, da saurin fushi, da kuka ba dalili, da kumburin ciki, da ciwon nono, da ciwon kai, da ƙuraje a fuska, da kasala ko jiri. Matan da tun da can ransu kan ɓaci ƙwarai gabanin al'ada, ko suka taɓa shiga matsananciyar damuwa bayan haihuwa, sun fi faɗawa cikin wannan hali.

Dalili guda shi ne, idan an haɗiyi furojestaron, hanta na sarrafa wani sashe nasa zuwa sinadarin da ke aiki a ƙwaƙwalwa. Ga yawancin mata yana kawo natsuwa da barci, ga wasu kuma yana dagula yanayin zuciya.

Hanya mafi sauƙi ta gane ko maganin ne sila ita ce rubuta alamomin kowace rana na tsawon wata 2 zuwa 3. Idan damuwar na zuwa ne a kwanakin shan furojestaron, tana kuma lafawa bayan an kammala, to likita ya samu hujjar da zai yi aiki da ita. Wasu alamomin kan ragu da kansu cikin wata 3 na farko.

Babban haɗarin shi ne mace ta ajiye furojestaron a ɓoye ta ci gaba da istrojin saboda shi ne ke mata daɗi, domin hakan ya bar mahaifa babu kariya. Ajiye duka biyun kuma ya bar ƙashi da zuciya cikin haɗari.

Hanyoyin da likita ke bi

Na farko shi ne sauya nau'i. Akwai na haɗin ɗakin bincike irin su Primolut N da Provera, akwai Duphaston, akwai kuma irin su Utrogestan, wanda zubinsa daidai yake da wanda jiki ke samarwa. Macen da wani bai karɓe ta ba, sau da yawa wani na karɓarta.

Na biyu shi ne sauya tsari. Ana ba da Utrogestan miligiram 200 na kwana 12 zuwa 14 a kowane wata, wanda ke sa a ga jini wata-wata, ko miligiram 100 kullum ba tsayawa. Wasu sun fi samun sauƙi da ƙaramin awo na kullum. Ana shan sa ne da dare kafin kwanciya saboda yana sa barci, abin da ya dace da mai azumi ma.

Na uku shi ne sauya hanyar shiga jiki. Likita na iya umartar a riƙa cusa kafson ta gaba maimakon haɗiya, domin ya isa mahaifa ba tare da ya fara bi ta hanta ba. Akwai kuma robar da ake sakawa a mahaifa, irin su Mirena, mai ɗauke da miligiram 52 na maganin, wadda ke kare mahaifa tsawon shekara 5, kaɗan ne kuma daga cikinsa ke shiga jini. Wannan roba tana hana ɗaukar ciki, don haka mai neman haihuwa ta sanar da likita tun farko, ganin cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na matan da ma'ajiyar ƙwansu ta gaza kan samu ciki ba zato.

Ga wasu matasa, ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadari biyu na iya maye gurbin tsarin baki ɗaya. Rage awo ko tsawaita tazara zuwa wata 3 kuwa, ƙwararre ne kaɗai ke yanke shi, tare da ɗaukar hoton mahaifa akai-akai. Tiyatar cire mahaifa ita ce mataki na ƙarshe. Man shafawa na furojestaron da ake tallatawa a intanet ba ya ba mahaifa isasshiyar kariya.

Abin lura ga matan Mubi

A Mubi, garin kasuwanci da ke kusa da iyakar Kamaru, sayen magani a kemis ba tare da takardar likita ba abu ne da aka saba, kamar a sauran garuruwan ƙasar. Waɗannan magunguna ba na gwaji ba ne: mace mai tarihin sankarar nono, ko daskarewar jini a jijiya, ko ciwon hanta, tana buƙatar tantancewa ta musamman. Ya kamata a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a kuma adana kafson a wuri mai sanyi, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Matakin farko shi ne ganin likitan mata a asibiti. Idan lamarin ya buƙaci ƙarin bincike, akan tura marar lafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, tafiyar kusan kilomita 200. Zuwa da takardar alamomin da kwalayen magungunan na rage yawan zirga-zirga.

Miji da dangi na da rawar takawa, domin sauyin halin da magani ya haddasa ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma shafar iska ba ce. A gaggauta komawa asibiti idan jini ya ci gaba da zuba ba bisa tsari ba bayan wata 6 da fara magani, ko ƙafa ɗaya ta kumbura da ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko kuma ƙuncin rai ya kai mace ga tunanin cutar da kanta.