Injin Gudu Ɗan Kwatano: In Ya Ji wa Yaro Ciwo, Wa Za a Kama?

A ƙasar Bagudo ta jihar Kebbi babu abin da ba ya ƙetaro iyaka. Ta Tsamiya daga Segbana, ko ta Lolo daga wajen Malanville, shinkafa da gwanjo da firji 'yan Kwatano sun daɗe suna shigowa. Rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta yi a watan Agustan 2019 bai kashe cinikin ba, tsada kawai ya ƙara masa. Yanzu kayan motsa jiki sun bi sahu: injin gudu, keken da ake tuƙawa a tsaye wuri ɗaya, ƙarafunan ɗagawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Likita ya ce wa mai ciwon suga ko hawan jini ya riƙa motsa jiki, Hajiya kuwa ba za ta fita titi tana sassarfa ba. Sai a kawo mata titin cikin ɗaki.

Na ga irin wannan inji a gidan wani kawuna. A jikinsa an rubuta 120V, wato na wutar Amurka ne, tamu kuma 230 ce, don haka an haɗa masa ƙaramar taransifoma da ke zafi har ba ta taɓuwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne makullinsa. Injin gudu na zuwa da wani ɗan maganaɗisu mai igiya, wanda mai gudu ke maƙalawa a rigarsa, ta yadda in ya zame igiyar za ta fizge makullin, injin ya tsaya. Na kawu ya ɓace tun kafin ya iso. Dillali ya manna wani maganaɗisu a gurbin, ya ɗaure da salatif, inji ya tashi, kowa ya yi murna.

Na ce, "Kawu, wannan fa ko ka faɗi ba zai tsaya ba."

Ya ce, "Ɗana, ai a hankali nake tafiya."

Shi ke tafiya a hankali. Jikokinsa da ke rarrafe a falon ba su yi wannan alkawari ba. Haɗarin yana can baya, inda bel ɗin ke naɗewa ya koma ƙasa. Yaro ya kai hannu, bel ya ja shi, gurzar ta sale fata, wani lokaci sai an yi dashenta. Ga kuma ɗauke wuta ba sallama, mutum na cikin gudu inji ya tsaya cak.

Kada a ɗauka tsufan kaya ne kaɗai matsalar. A watan Mayun 2009 'yar ɗan damben nan Mike Tyson mai shekara 4 ta rasu bayan igiyar injin gudu ta shaƙe ta a gida. A watan Mayun 2021 kamfanin Peloton na Amurka ya janye injinsa Tread+ kusan 125,000 daga hannun jama'a, bayan mutuwar yaro ɗan shekara 6 da rahotanni fiye da 70 na mutane da dabbobi da kayan da injin ya ja ƙarƙashinsa. Da farko kamfanin ya yi gardama da hukumar kare masu saye ta ƙasar, daga baya ya nemi afuwa, a Janairun 2023 kuma ya amince da tarar sama da dala miliyan 19 saboda jinkirin sanar da aibin. Sabon inji ke nan mai tsada, da sunan kowane mai saye a rubuce. Wanda ya bi ta jirgin ruwa zuwa Kwatano, ya sauya hannu huɗu kafin ya kwana a Illo ko Ka'oje, ko kamfaninsa ya janye shi, wa zai aiko wa kawu saƙo?

Doka dai akwai ta. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ɗora alhakin ɓarnar da kaya mai aibi ya jawo a kan wanda ya samar da shi ko ya sayar. Hukumar SON kuma na da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su. Amma abin da ya biyo hanyar daji a bayan babur bai ga SONCAP ba, kuma babu rasit. A shari'ar Musulunci ma, wadda Kebbi ta faɗaɗa aiki da ita tun 2000, mai saye na da damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Sai dai dillali na da amsarsa a shirye: "Yadda ka gani haka ka saya." A ganina wannan magana ba ta wanke shi ba. Wanda ya san makulli ya ɓace, ya manna na bogi bai faɗa ba, ya ɓoye aibi. Matsalar ita ce in abu ya faru mukan ce tsautsayi ne, a yi jaje, a watse, ba wanda ya tambayi komai.

Samarinmu masu ɗaga ƙarfe nasu ya fi sauƙin kuɗi. Siminti a bokitin fenti biyu, a soka rodi a tsakiya, mai walda ya haɗa benci. Simintin kan tsage ya suɓuce a ƙafa, waldar bencin kan balle mutum na kwance da nauyi a kan ƙirji, kuma sau da yawa shi kaɗai ne a zaure. A nan aƙalla an san mai waldar, shagonsa na bakin kasuwa.

Wanda zai sayi injin gudu ya sa a kunna a gabansa, ya fizge makullin ya ga ko zai tsaya. Ya duba rubutun wutar da ke jikinsa. Ya karɓi takarda mai sunan mai sayarwa da lambar injin, ko da a fallen littafin makaranta ce, da shaida biyu. A gida a bar fili a bayan injin, kada a manna shi da bango, a zare wayarsa daga soket bayan an gama, a rataye makullin inda hannun yaro ba ya kaiwa, a kulle ɗakin.