Ƙananan rubuce-rubucen umarni da ke riƙe da rumbunan manhajojin duniya

A farkon shekarar 2023, lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci sakamakon sauyin kuɗi, 'yan kasuwa da dama a Babbar Kasuwar Sakkwato da Kasuwar Kara sun koma karɓar kuɗi ta tiransifa da na'urar POS, ko suna so ko ba sa so. Ma'aikacin sakatariyar Usman Faruk kuwa ya daɗe da sanin cewa albashinsa saƙon banki ne da ke shigowa ta waya. Duk wannan hada-hada tana ratsawa ne ta manyan kwamfutoci masu riƙe bayanai, waɗanda akasarinsu a duniya ke aiki da tsarin Linux. Shi ma Android da ke cikin wayar hannu da wasu na'urorin POS a kan tushen Linux aka gina shi.

Irin waɗannan kwamfutoci ba sa samun manhajojinsu daga shago. Suna ɗauko su ne daga abin da masana ke kira rumbun manhajoji, wato wata ma'ajiya a intanet da ke ɗauke da dubban ƙunshin manhaja, kowanne da sunansa da lambar fitowarsa da bayanin sauran ƙunsoshin da yake buƙata kafin ya yi aiki. Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, na da ƙunshi sama da 60,000 a fitowarsa ta 2023. Daga wannan rumbu Ubuntu ke ɗibar kayansa tun da ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar da shi a 2004.

Rumbu mai wannan girma ba ya tafiya da hannun mutum kaɗai. Kullum sababbin kaya na shigowa, tsofaffi na fita, kuma dole a sake rubuta jerin abin da ke ciki, a sa masa hatimin sirri domin kwamfutar da ta sauke shi ta tabbatar ba a yi masa coge a hanya ba. Wani kaso mai yawa na wannan aiki, ƙananan rubuce-rubucen umarni ne ke yin sa. Rubutun umarni fayil ne da aka jera matakai a cikinsa: kwafi wannan, duba wancan, share tsohon, sabunta jerin. Manhajar da ke karanta shi tana aiwatarwa layi bayan layi ana kiranta shel. Wadda Stephen Bourne ya rubuta ta fito a 1979, sannan Bash ta Brian Fox, wadda aka fi amfani da ita yau, ta biyo baya a 1989. Masu Arch Linux sun shafe shekaru suna tafiyar da rumbunsu da tarin irin waɗannan rubuce-rubuce mai suna dbscripts, su kuma cibiyoyin da ke ajiye kwafin rumbun Debian a ƙasashe daban-daban na amfani da wani mai suna ftpsync.

Akwai wata hikima a cikin ftpsync da duk mai sito zai gane nan take. Yana fara kwaso kayan da kansu, sai a zagaye na biyu ya kawo sabon jerin sunayensu. Da an juya tsarin, mai neman manhaja zai ga sunanta a jeri amma ya tarar babu ita a rumbu, kamar ɗan kasuwar da ya rubuta buhu ɗari na shinkafa a littafi alhali motar tana Birnin Kebbi.

Matsalar rubutun umarni ita ce ba ya tambaya, ba ya kokwanto. Abin da aka rubuta shi yake yi, ko da kuwa ba shi ne nufin marubucin ba. A watan Janairun 2015 an gano wani layi a rubutun da ke tayar da manhajar wasanni ta Steam a kan Linux. An so ya share abin da ke cikin jakar manhajar kaɗai, amma idan sunan jakar ya zo babu komai a cikinsa, sai umarnin ya koma share duk abin da ya iya kaiwa gare shi tun daga tushen kwamfutar. Wani mai amfani da ita ya rasa fayilolinsa kaf, har da na faifan ajiyar da ya haɗa da kwamfutar. Layi guda da zai duba ko sunan fanko ne kafin a share, da ya hana wannan asara.

Wancan kuskure ne. Na watan Maris na 2024 kuwa da gangan aka shirya shi. Manhajar xz, wadda ake matse fayiloli da ita kuma take cikin kusan kowane tsarin Linux, ta daɗe a hannun mutum guda ɗan ƙasar Finland, Lasse Collin, yana kula da ita ba tare da albashi ba. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara taimaka masa a 2021, ya yi ta aiki har aka amince da shi aka ba shi ikon fitar da sababbin nau'o'i. A fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1 ya cusa wata ɓoyayyiyar ƙofa, kuma inda ya ɓoye mabuɗinta shi ne cikin rubuce-rubucen umarnin haɗa manhajar, ɓangaren da kowa ke ƙyashin karantawa saboda sarƙaƙiyarsa. Kayan sun riga sun shiga rumbunan gwaji na Debian da Fedora kafin wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa daga nesa na jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, ya tona asirin a ranar 29 ga Maris. Da abin ya kai ga tabbatattun fitowar da kamfanoni da hukumomi ke ɗorawa, da mai mabuɗin ya iya shiga kwamfutoci masu ɗimbin yawa ba tare da izinin kowa ba.

Wannan batu bai tsaya a Turai da Amurka ba. Duk wata cibiya a Sakkwato mai kwamfutoci da yawa, ko jami'a ce irin ta Usmanu Danfodiyo, ko asibiti, ko ma'aikatar gwamnati, na iya ajiye kwafin rumbu a harabarta domin a sauke kaya sau ɗaya a rarraba wa kowa, a rage kuɗin data. Sai dai yanayinmu na da nasa tarkon. Wutar lantarki kan ɗauke ana tsakiyar kwafi, rumbun ya tsaya rabi sabo rabi tsoho. Rubuce-rubuce da yawa kan ajiye wata alama da ke cewa aiki na gudana, don kada a tayar da shi sau biyu a lokaci guda. Idan wuta ta ɗauke kafin a cire alamar, rubutun da ba a tsara shi da kyau ba zai ƙi tashi daga ranar, kwamfutocin su yi watanni ba su karɓi gyaran tsaro ba, kuma babu wanda zai sani sai an duba.

Tarkon da ya fi wannan girma na mutane ne, kuma ma'aikatan gwamnati sun san shi sarai. Jami'in da ya rubuta umarnin kan sami canjin wurin aiki, ko ɗan bautar ƙasar da ya haɗa shi ya kammala shekararsa ya koma gida, a bar magaji da fayil ɗin da yake tsoron taɓawa. Shugaban ofis da bai san komai a kan kwamfuta ba yana iya rage wannan haɗari da tambayoyi kaɗan. Shin an ajiye rubutun a Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 wadda ke riƙe tarihin kowane canji da sunan wanda ya yi shi? Shin wani mutum na biyu na karanta gyara kafin a ɗora shi, kuma ana gwada shi a wata kwamfuta dabam? Akwai ma manhajar ShellCheck, ta kyauta, da ke binciko kurakuran da aka saba yi a irin wannan rubutu, har da umarnin sharewa mai dogaro da sunan da ka iya zuwa fanko. Sannan a tambayi inda mabuɗin sirrin sa hatimi yake, da kuma mutum nawa ne ke iya kaiwa gare shi idan mai riƙe da shi ya tafi hutu.