Karatun Zaure a Gidan Kirista

A Dakoro, arewa da Maraɗi, inda gonakin hatsi suke iyaka da makiyayar Fulani da Buzaye, Kiristoci 'yan tsiraru ne, kamar yadda suke a sauran wannan yanki tun da mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga bisani ta kafa zango a Tsibiri. Uban da ke son tarbiyyar ɗansa bisa tafarkin magabatan addininsa, bayan yaro ya taso daga lakwal, yakan zaci sai ya nemo littattafai daga Amurka, alhali kuwa asalin tsarin yana zauren maƙwabcinsa.

Abin da ake kira ilimin magabata a wurin Kiristoci fannoni uku ne a jere, wato nahawu da manɗiƙi da balaga, waɗanda marubuciya Dorothy Sayers ta yi kira a farfaɗo da su a wata lacca a Oxford a 1947, waɗanda kuma Agustin, limamin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, da ya rasu a 430, ya ƙware a kansu har ya karantar da balaga kafin ya shiga hidimar ikilisiya. Malamanmu na zaure da ke karantar da littafin nahawu na Ajurrumiya kafin ɗalibi ya kai ga manɗiƙi ba za su ga baƙon abu a wannan jeri ba.

Farawa kuwa, a matakin nahawu, da hadda ake yi, domin ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana kama abu tun kafin ta fahimce shi. Bayan tuwon dare, a shimfiɗa tabarma, a kunna fitila, uwa ko uba ya karanta aya biyu daga Zabura ko Karin Magana cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, yaro ya maimaita har ta zauna, gobe a yi tilawa kafin a ƙara. A ganina gaggawa ce babban aibin masu farawa, da ɗora wa yaro Latin tun bai iya rarrabe suna da fi'ili a harshen uwarsa ba.

In ya tasa ya soma gardama, kada a tsawata masa, a nemi hujjarsa, domin lokacin manɗiƙi ne ya zo. Balaga sai ya balaga, ranar da za a sa shi ya tsaya gaban iyali ya bayyana ma'anar abin da ya haddace da kalmomin kansa, da Hausa tukuna, sa'an nan da Faransanci.