Taimakon Gwamnati Don Wutar Hasken Rana A Gidajen Bene: Yadda Aka Yi A Jihar Biktoriya

A ƙasar Ostareliya, kusan gida ɗaya cikin kowane gida uku yana da allunan da ke mai da hasken rana wutar lantarki a bisa rufinsa. Amma mazauna manyan gidajen bene, inda iyalai da yawa ke zaune kowa da sashensa, an bar su a baya. Wannan takarda za ta bayyana dalilin haka, da maganin da Gwamnati ta nemo.

Inda wuyar take

Rufin irin wannan gida na tarayya ne, ba mai ikon taɓa shi sai ƙungiyar masu sassan ta yarda. Sa'an nan da yawa daga cikin mazaunan 'yan haya ne. Mai sashe ba ya ɗokin kashe kuɗinsa, gama ba shi ke biyan kuɗin wuta ba. Ɗan haya kuwa ba shi da iko da rufin. Saboda haka kowa sai ya zuba wa ɗan'uwansa ido, rufi ya zauna a banza, talaka yana ta biyan wuta da tsada.

Abin da Gwamnati ta yi

A shekarar 2024 Gwamnatin Jihar Biktoriya, wadda babban birninta shi ne Melbon, ta haɗa kai da Gwamnatin Tarayya suka buɗe wani shiri. Ga sharuɗɗan da aka fara da su:

1. Ƙungiyar masu sassan ce ke neman taimakon, ba mutum ɗaya ba.
2. Gidan ya kasance yana da sassa daga 5 zuwa 50, kada kuma ya wuce hawa 8.
3. Ana ba da har dala 2,800 ta Ostareliya a kan kowane sashe, watau iyakar abin da gida ɗaya zai samu dala 140,000.

Yadda ake raba wutar

Ana kafa allunan a haɗe bisa rufi ɗaya. Wani kamfani na Melbon mai suna Allume Energy ya ƙera na'urar da ake kira SolShare, wadda ke karɓar wutar ta rarraba ta zuwa sassan, tana kuma lissafin abin da kowa ya samu. Da rana iyali suna amfani da rabonsu, mitarsu ba ta ƙirga shi a cikin wutar saye. Da dare sai su koma kan wutar gari.

Abin lura

Hakimai da malaman ofis sun san sha'anin rijiyar gari: haƙa ta bai kai wuyar daidaita masu ɗiba ba. Haka wannan al'amari yake. Kuɗin Gwamnati yana rage nauyin saye ne kaɗai. Lalle sai masu gida sun zauna sun yarda, an rubuta rabon kowa da wanda zai kula da gyara, kafin a ɗora allo ko ɗaya bisa rufin.