SQLite: Rumbun bayanan da ke cikin aljihunka

Duk mai riƙe da wayar Android ko iPhone yana yawo da SQLite a aljihu, ko ya sani ko bai sani ba. Saƙonnin WhatsApp da tarihin shafukan da aka buɗe a Chrome ko Firefox, duk a cikinsa ake adana su.

Wani Ba'amurke mai suna Richard Hipp ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 2000, lokacin da yake rubuta manhajar wani jirgin ruwan yaƙi na sojojin Amurka. Abin da ya dame shi shi ne, manyan rumbunan bayanai suna zaune ne a kan uwar garke, kuma da zarar ta tsaya, aiki ya tsaya. Sai ya rubuta nasa da harshen C, yadda zai zauna cikin manhajar kanta, dukan bayanan kuma su shiga fayil guda ɗaya. Ya sake shi ga jama'a kyauta, babu haƙƙin mallaka a kansa.

Ga mai rubuta manhaja da Python, aikin ya zo da sauƙi, domin tun fitowar Python 2.5 a 2006 ake samun sqlite3 a cikinsa. A ce kana haɗa wa mai shagon hatsi manhajar lissafi. Da umarnin connect za ka buɗe fayil, idan babu shi ya ƙirƙira maka. Da execute za ka tsara teburin kaya da na ciniki, ka zuba bayanai. Ba ka buƙatar intanet, balle kuɗin data.

Inda sababbin hannu suka fi tuntuɓe shi ne commit. Sai mutum ya zuba bayanai, ya rufe manhaja, ya dawo ya tarar babu kome, don bai tabbatar da rubutun ba. Amma wannan ƙa'ida tana da amfani babba. Idan aka sayar da buhun gero, abu biyu ne za su faru: a rage ɗaya daga kaya, a ƙara kuɗi a ciniki. To idan aka ɗauke wuta a tsakani fa? Matuƙar an haɗa su cikin mu'amala ɗaya, ko dai su shiga tare, ko a mayar da lissafi yadda yake tun farko. A wurin da wutar Nepa ba ta da alkawari, wannan kariya ce ta gaske.

Tuntuɓe na biyu ya shafi sunayenmu kai tsaye. A harshen SQL, wanda ake ba SQLite umarni da shi, alamar da muke sawa a Sa'idu ko A'isha ita ce ke nuna ƙarshen rubutu. Wanda ya liƙa suna kai tsaye cikin umarni, manhajarsa za ta karye a kan Sa'idu na farko da ya zo sayayya. Ta wannan kafa ce kuma masu kutse ke cusa nasu umarnin. Maganin shi ne a sa alamar tambaya a gurbin sunan, a miƙa sunan daban.

SQLite yana da iyakarsa. Masu karatu da yawa za su iya shiga lokaci guda, amma mai rubutu ɗaya ne tak a kowane lokaci. Tsarin WAL da aka ƙara a 2010 ya sa karatu da rubutu ba sa tare wa juna hanya, amma bai cire wannan iyaka ba. Banki mai rassa da yawa, PostgreSQL ko makamancinsa ya fi dacewa da shi.

Shago, kemis ko makarantar unguwa kuwa, SQLite ya ishe su. Sai dai ka tuna fayil ɗaya ne: idan kwamfutar ta lalace ko aka sace ta, lissafin shekara ya tafi. Ka riƙa ajiye kwafinsa a wani wuri dabam kullum kafin a rufe shago.