Ruwan da ke riƙe da Yankari

Duk wanda ya je Yankari, labarin Wikki yake fara kawowa gida. Ba laifinsa ba ne. Ruwa ne garau yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, har cikin hunturun da sanyi ke fasa leɓe. Sai dai mai wanka ba kasafai yake tambayar inda ruwan ke zuwa ba bayan ya wuce shi.

Kogin Gaji yake faɗawa, kuma a can rayuwar dajin take. Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alƙaleri ta Jihar Bauchi, ya kai murabba'in kilomita 2,244, galibinsa daji ne da kan bushe ƙayau idan rani ya yi nisa. Gaji shi ne ba ya ƙafewa, domin maɓuɓɓugai irin su Wikki suna shayar da shi. Shi ya sa daga watan Fabrairu zuwa Afrilu giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza ke tattaruwa a fadamarsa, dorina da kada na cikin ruwa. Masu gadin daji sun san wannan, mafarauta ma sun sani, haka makiyayin da ke neman ɗanyar ciyawa wa shanunsa.

An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun Bauchi a 2006. Cikin waɗannan shekaru raƙumin dawa ya ɓace daga Yankari, zaki ya zama sai an yi sa'a. Giwaye kuwa, ɗaya daga cikin manyan garkunan da suka rage a Nijeriya, har yau sukan fita su tattake gonakin ƙauyukan gefe, kuma manomin da aka cinye wa dawa dare ɗaya yana da hakkin a saurare shi.

Mutane sun zauna a nan tun kafin a shata iyaka. Kogunan Marshall da aka sassaƙa cikin dutse da tsofaffin wuraren narkar da tama shaida ne. Ni dai abin da ke damuna shi ne, kuɗin gyara ya fi saurin isa masaukin baƙi da bakin Wikki, alhali mai gadin da ke kwana a fadamar Gaji yana jiran takalmi da man mota.